Shatar Jirgi Don Zuwa Kamun Kifi

In an ƙare girbi, hatsi ya shiga rumbu, manomi ya kan sami 'yan watannin da hannunsa ba kome. Waɗansu su tafi cin rani, waɗansu su kama noman fadama, waɗansu kuwa da ke kusa da babban ruwa su kan yi sha'awar su taɓa sana'ar masunta, ko Allah ya sa a sami na miya har da rara. Haka kuma akwai falken kifi wanda ya gaji da saye a hannun dillalai, yana so ya je tungar masunta ya saya da kansa. Ga kuma akawu mai hutu, wanda ya ji labarin giwan ruwa, yana so ya gani da idonsa. Su duka ukun nan abu guda ya haɗa su, watau ba su da jirgi, ba su kuwa san ruwa ba. Dabarar da ta rage musu ita ce su yi shata.

Shatar jirgi kusan ɗaya ta ke da shatar mota. Mutum ya ɗauki jirgin dungum, da matuƙinsa da kayan aikinsa, na yini ko na rabin yini, ba tare da an ɗauki wani fasinja ba. Amma fa akwai bambanci babba. Wanda ya yi shatar mota, in ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya ce a tsaya ya sauka. Na jirgi ba shi da wannan dama. Sabo da haka duk wata magana da za a yi, tilas a gama ta a tudu, tun ƙafa tana bisa ƙasa.

Tafkin Kainji shi ne misalin da ya fi kusa da yawancin masu karanta wannan shafi. An fara ginin madatsar a kan Kogin Kwara cikin 1964, aka tsare ruwan cikin 1968. Ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon kamar mil 85, daga madatsar har wajen Yelwan Yauri, faɗinsa kuwa a tsakiya ya kan kai mil 15. Ya cinye tsohon garin Bussa da duwatsun nan na cikin kogi inda Mungo Park ya halaka cikin 1806, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Abin lura ga mai shata shi ne, ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da kufai da itatuwan da ba a sare ba. Kututtukansu suna nan har gobe. Baƙo ya dubi ruwa ya gan shi shimfiɗe sumul, amma Basarke ko Bagunge da aka haifa a bakinsa ya san inda tsohuwar hanyar kogi ta bi, da inda kututture ya ke, da inda kifi ke kwana. Wannan sani shi a ke biya. Katakon jirgin ba shi ne mai tsada ba.

Nan ne sababbin shiga su ka fi yin kuskure. Manomi ya san bambancin jinga da ƙwadago. A jinga a kan ce ga gona, in ka gama nome ta ga kuɗinka. A ƙwadago kuwa yinin mutum a ke saya, ko ya yi kuyya goma ko ya yi ashirin. To, shatar jirgi ƙwadago ce, ba jinga ba. Mai shata ya sayi yinin matuƙi da ƙarfinsa da saninsa, bai sayi kifi ba. A kan fita tun da asuba a komo da azahar da 'yan ƙarfasa huɗu, kuɗin kuwa ba ya raguwa, don an ƙona mai, an kuma ɓata wa mutum yini. Wanda bai yarda da wannan ba a ransa, gara ya tafi kasuwar Yelwa ko ta Malale ya sayi kifinsa, zai fi masa araha. Matuƙin da ya rantse cewa lalle sai an kama babba, abin tuhuma ne, don masunci na gari ba ya yin alkawari da abin da ke hannun Allah.

Hanyar samun matuƙi ita ce a bi ta hannun sarkin ruwa. Kowace kwata mai girma tana da shugaban masunta, ko shugaban masu jirage, wanda ya san kowa da halinsa. Baƙo makaho ne ko da idonsa. In ya sauka a tasha, samari za su yanyame shi, kowa yana cewa jirginsa ya fi, yawancinsu kuwa ba su da ko filafili, la'ada su ke nema. Ya yi musu sallama, ya nemi a kai shi wurin sarkin ruwa, ya gai da shi, ya faɗi bukatarsa. Amfanin wannan biyu ne. Sarkin ruwa ba zai haɗa shi da wanda zai kunyata shi ba, in kuma gardama ta tashi daga baya, akwai mai raba ta. Ɗan goron da aka ba shi bai kai asarar da ya tsare ba.

Ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi, don masunta ba iri ɗaya ba ne. Mai kalli da maraice ya ke zuba komarsa, ya komo da asuba ya ɗebe. Mai birgi yawo ya ke yi gefe gefe yana jifa. Mai mamari da mai gura sai su kafa kayansu su tafi, gobe su zo su duba. Akawun da ke son ya riƙe fatsa da hannunsa ya ji kifi yana fizga, in aka haɗa shi da mai kalli, zai wuni yana kallon mutum yana jan zare ne kurum. Manomin da ya zo koyo kuwa mai kallin shi ne malaminsa. Falke shi ba ruwansa da wannan duka, jirgi mai inji ya ke bukata, mai wurin ajiye kwanduna, da matuƙin da ya saba da mutanen tungaye.

Sa'an nan a zo ga kuɗi. Tambayar farko ba nawa ne ba, tambayar ita ce me kuɗin ya ƙunsa. Man fetur a kan wa ya ke? Tun da aka janye tallafin mai cikin Mayu 2023, mai ya zama babban kaso na kuɗin kowace tafiya a jirgi mai inji, shi ya sa masu jirage da yawa su kan yanke kuɗin jirgi dabam, mai dabam. Wannan ba laifi ba ne, muddin an faɗa tun farko. Abin da ba shi da kyau shi ne a kai tsakiyar ruwa sa'an nan a ce mai ya yi ƙasa, sai an ƙara kuɗi. A auna man gaban kowa kafin a tashi. Ƙa'idar matuƙa ita ce a raba shi uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na komowa, ɗaya a bar shi don ko ta kwana. Bayan mai, a tambayi ƙugiyoyi da zare da abin da za a sa wa ƙugiya, ko tana ce ko ƙananan kifi, wa zai kawo. In koma ta sarƙe a kututture ta yage, wa zai biya? Yaron jirgi, mai kwarfe ruwa da riƙe filafili, a cikin kuɗin ya ke ko nasa dabam? Ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a komo? Kalmar "yini" tana da faɗi, yinin masunci ya kan ƙare da hantsi, na akawu kuwa sai la'asar.

Kafin alƙalami daidai ne, don mutum zai bar nasa aikin ya jira. Amma kada a biya duka tun ba a tashi ba. A ba da abin da zai isa sayen mai, saura sai an komo. A kuma yanke tun yanzu, in hadari ya hana fita, za a mai da kuɗin ne ko za a ɗaga ranar. In mai shata ne ya fasa don kansa, bai kamata ya nemi a mayar masa ba.

Maganar da ta fi kowace haddasa faɗa ita ce, kifin na wane ne? Mai shata yana ganin tun da ya biya, duk abin da ya shigo jirgi nasa ne. Masunci kuwa yana ganin an biya shi ladan tuƙi ne, kifin da komarsa ta kama abincin iyalinsa ne. Kowa da gaskiyarsa. In ƙananan ƙurungu ne ba mai ta da murya. Amma giwan ruwa ya kan wuce kilo 100, wanda ya ci gasar Argungu cikin 2020 ma kilo 78 ne, irin wannan kifi guda kuwa kuɗinsa ya ninka na shatar sau da yawa. Ran da ya faɗo cikin jirgin da ba a yi wannan magana ba, ran nan zumunci ya ƙare. Ana iya shiryawa iri iri. Ko kifi duka na mai shata, kuɗin shata ya yi sama. Ko a raba biyu, kuɗin ya sauko. Ko kuwa abin da mutum ya kama da fatsarsa nasa, na koma na mai koma. Ko wanne aka zaɓa, a faɗe shi da baki gaban shaidu biyu.

Ba a nan kaɗai a ke wannan gardama ba. A Amurka, inda shatar jirgi don kamun kifi ta zama babbar sana'a, al'adar ta bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. A yawancin wurare mai shata ke tafiya da abin da doka ta yarda a riƙe, amma a tsibiran Hawayi al'adar da aka saba ita ce kifi na jirgi ne, sai abin da matuƙi ya yanka ya ba baƙo. Can rabin yini ya kan zama sa'a 4, cikakken yini sa'a 8, a kan kuma ba ma'aikatan jirgi tukwici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari bayan kuɗin shata. Suna da shata ta jirgi duka, suna da wadda kowa ke biyan kuɗin kansa a haɗu da baƙi, ta biyun ta fi araha amma mutum ba shi da ta cewa a kan inda za a nufa. Abin da ya fi dacewa a duba a tsarinsu shi ne, ƙaramar takardar izinin matuƙin shata ba ta yarda ya ɗauki fiye da fasinja 6 ba, ba a kuwa ba shi ita sai ya nuna ya yi kwana 360 yana aikin ruwa. Ɗan kasuwa ko ɗalibin da tafiya ta kai shi can, tambayoyin nan na bakin Kainji su ne dai zai yi.

Duba Jirgi

In an daidaita a kan kuɗi, sai a je a ga jirgin da rana, ba da asubar ranar tafiya cikin duhu ba. A dubi cikinsa. Ɗan ruwa a ƙasan kwalekwale ba kome ba ne, amma in an kwarfe shi ya sake taruwa nan da nan, jirgin yana yoyo. A dubi mahaɗin katako, a danna da yatsa a ji ko ya ruɓe. A sa a ta da inji a ji muryarsa. Kome kyaun inji kuwa, kada a tashi ba filafili biyu da gwangwala da abin kwarfar ruwa, don kainuwa da ciyawar burgu su kan naɗe farfela a inda ba mai jin kira.

Rigar ruwa tilas ce, kowane mutum da tasa, a jikinsa, a ɗaure. Wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa. Waɗansu su kan ji kunyar sa ta gaban masunta, wai kada a ce su matsorata ne. Wannan wauta ce. Masunci tun yana rarrafe ya ke iyo, manomin tudu kuwa da babbar riga da wando, in ya faɗa ruwa mai zurfi tufafinsa ne za su fara jansa ƙasa. Ko gwanin iyo a kududdufi ba zai iya mil guda cikin raƙuman ruwa ba. In matuƙi ba shi da rigunan, mai shata ya nemo nasa ya zo da su, ko ya nemi wani jirgin.

Sai yawan mutane. Abokai su kan ce a taru da yawa don kuɗin ya yi sauƙi, kowa ya kawo ɗan'uwansa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya taso daga Jihar Neja ya nufi wajen Wara ta ƙasar Ngaski, ya dare ya nutse, waɗanda aka tsamo da rai ashirin da 'yan kai ne. Cikin Yuni 2023 kuma, can ƙasa wajen Patigi, mutum fiye da 100 su ka halaka suna komowa daga biki da dare. Waɗannan jiragen fasinja ne, amma abin da ke kifar da babba shi ke kifar da ƙarami, watau lodi da duhu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta kuma wajabta rigar ruwa. Ma'aikatanta ba su isa su tsaya a kowace kwata ba, sabo da haka mai shata shi ne ɗan sandan kansa. In an gama lodi ya ga bakin jirgi bai fi taƙi guda daga ruwa ba, wani ya sauka. Ga kamun kifi ma, mutum uku ko huɗu sun isa ƙaramin jirgi, fiye da haka ƙugiyar wani sai ta kama kunnen wani.

A kan ruwa maganar matuƙi ita ce magana. Wanda ya biya kuɗi ya kan ga kamar shi ne mai gida, to, a tudu ne. In matuƙi ya dubi gabas ya ce a koma, a koma, ko da kifi ya fara ci. In ya ce kada a matsa kusa da wancan lungu akwai dorina, kada a ce sai an je an ɗauki hoto. Dorina mai ɗa ba ta san wasa ba, tana kuwa iya kifar da kwalekwale. Kada kowa ya miƙe tsaye ba izini, kada kuma a ruga gefe guda don kallon kifi.

Lokacin Zuwa

Kwara sau biyu ta ke cika a shekara. Farin ruwa shi ne na daminar ƙasashen nan na kusa, ya kan zo daga Agusta zuwa Oktoba, gurɓatacce, ɗauke da laka da itace. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman da aka yi ne can duwatsun ƙasar Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, laka ta kwanta, ba ya isowa sai wajen Disamba, ya yi ƙarfi cikin Janairu da Fabrairu. Tsakanin cikar tafkin da raguwarsa a kan sami kamar ƙafa 30. Shi ya sa inda jirgi ya wuce lafiya da sanyi, da bazara sai ya ci karo da kututture, kwatar da aka sauka bara kuma a tarar ta koma nesa.

Ga sabon shiga, daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ya fi, ga shi kuwa ya dace da lokacin da manomi ke da sarari. Aibinsa hazo, wanda kan ɓoye gaɓa har mutum ya rasa gabas, da iskar hunturu da kan ta da raƙuman ruwa in hantsi ya yi. Maganinsu a fita da sassafe a komo da wuri. Lokacin da ya fi haɗari shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci ya zo da iska mai ƙarfi. A tsakiyar tafki ba wurin fakewa.

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana kashe kifi da nakiya ko guba ko lantarki, ta kuma hana koma mai idon da bai kai inci 3 ba, sai irin wadda a ke kama warangi da ita. In matuƙi ya ce yana da dabarar da za a cika jirgi cikin sa'a guda, ya fito da magimfa ko gamalin, mai shata ya ƙi. Laifin zai shafe su duka, kifin guba kuwa iyalinsa za su ci. Jihohi kuma suna da nasu dokoki da lasisin masunta, sai a tambayi matuƙi ko nasa yana nan. Wanda ke son ƙarin bayani, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, da ma'aikatan kifi na jiha.

Guzuri ba shi da yawa: ruwan sha mai tsabta, malfa, abinci marar nauyi, da leda a ƙulle waya a ciki. Rana a kan ruwa ta fi ta gona zafi, don tana dukan mutum ta sama, ruwa kuma yana mai da ita ta ƙasa. Mai jin jiri ya dubi gaɓa can nesa, kada ya sunkuya. Kada a sha ruwan tafki, kada kuma a tsaya wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa, don nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta ke. A bar wa yaron jirgi cire ƙurungu da tarwaɗa daga ƙugiya, ƙayarsu tana da zafi, tsage kuma haƙoransa kamar aska. Minjirya kuwa ba a taɓa ta sau biyu.

Hanyar zuwa ma abin tambaya ce. 'Yan bindiga sun taɓa ƙasashen da ke kewaye da tafkin, kowa ya tuna da ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri cikin Yuni 2021. A tambayi direbobi da mutanen garin kafin a tashi, a yi tafiyar da rana, a kuma bar wa wani a tudu sunan matuƙi da inda aka nufa da lokacin komowa, don in an makara a san inda za a nema.

Saura abin da za a yi da kifin. Cikin zafin ƙasar nan ɗanyen kifi ba ya yini. Da an kama a fid da hanji da matsarmama a hankali, a wanke, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Mai ƙanƙara ya sa kilo guda ga kowane kilo na kifi. Falken da zai yi nisa, zuwa Kontagora ko Sakkwato, ya shirya da masu banda tun kafin ya shiga jirgi, ya ji nawa su ke karɓa, itacen kuma a kan wa ya ke, don kifin da aka sauke da azahar ba ya jiran a gama ciniki.